Hasken Rana da Gansakuka Mai Dafi



Kogin Kwara yakan shigo mana ta iyakar Benin ya ratsa ƙasar Bagudo. Da damina laka takan hana haske nutsawa cikinsa, gansakuka ba ta samun ƙarfi. Da rani kuwa tafkunan fadama sukan kwanta, rana ta ratsa su, takin gonaki ya ciyar da ita. Haske na ƙaruwa tana yaɗuwa, sai in ya wuce kima ya dakushe ta.

Wani irinta yana da dafi mai lalata hanta, wanda tafasawa ba ta kashewa. A 2020 hukumomin Botswana sun ɗora wa dafin gansakuka alhakin mutuwar giwaye fiye da 300. Saboda haka wajibinmu ne mu gargaɗi makiyaya da masu ɗiban ruwa su guji tafkin da ya yi kore shar.