TSORON HAWA JIRGIN SAMA DA MAGANINSA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Shugaban taro, shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai da suka koyar da mu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Ina gode wa kwamitin shirye-shirye da ya ba ni damar yin magana a kan wani abu da yawancinmu muke ɓoyewa, wato tsoron hawa jirgin sama. Hausawa suna cewa tsoro na daji, kunya na gida, to amma wannan tsoro har gida yake biyo mutum. A garuruwanmu na Ɗanzomo da Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai dattijon da zai sayar da shanu ya biya kujerar Makka, amma daga ranar da aka ce jirginsu ya kusa tashi barci ya ƙaurace masa. Akwai ma'aikacin da zai ƙi zuwa kwas don kada ya hau jirgi. Akwai majinyacin da za a ce a kai shi asibiti mai nisa, ya ce ya gwammace kwana biyu a mota. Saboda haka maganar ba ta wasa ba ce.

Da farko mu tuna yadda kakanninmu suke zuwa aikin Hajji. A ƙasa suke tafiya, ko a kan jaki da raƙumi, su bi ta Barno, su ratsa Chadi da Sudan, suna tsayawa suna noma ko ƙwadago don neman guzuri, har su kai bakin Bahar Maliya su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Wasu sun rasu a hanya, wasu sun zauna can, shi ya sa har gobe ake samun Hausawa da yawa a Sudan. Jiragen sama na farko da suka sauka a Nijeriya a Kano suka sauka, ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar. Yanzu tafiyar da take cin shekaru ta koma kamar awa biyar daga Kano zuwa Jidda. Tun da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse a 2014 kuwa, sai ga maniyyatan Jigawa suna tashi daga cikin jiharsu.

Ba zan ce muku tsoron ba shi da dalili ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya ɗebo alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 da zai kawo alhazai Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, mutum 261 da ke ciki duk suka rasu. A watan Mayu na 2002 jirgi ya faɗo a unguwar Gwammaja cikin birnin Kano. A watan Oktoba na 2006 kuma muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo a hatsarin jirgi a Abuja. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, amin.

To amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, muna tuna waɗannan ranaku ne domin ba kullum suke faruwa ba. A shekarar 2019 fasinjoji kimanin biliyan huɗu da rabi ne suka yi tafiya a jirgin sama a duniya, a shekarar 2017 kuwa ba a rasa ko mutum ɗaya a hatsarin manyan jiragen fasinja masu injin jet ba. A ɗaya ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya. Wanda ya hau saman motar kaya tare da awaki ranar Alhamis zuwa kasuwar Maigatari bai ji komai ba, ya riga ya yi abin da ya fi hawa jirgi hatsari nesa ba kusa ba. Na biyu, duk hatsarin jirgi sai an bi diddiginsa. Binciken hatsarin 1991 ya nuna cewa iskar taya ce ba ta cika ba, tayoyin suka fashe wajen tashi suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Irin wannan bincike shi ne yake sa a ƙara tsaurara dokoki, don kada a maimaita.

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Yawancin abin da yake tsinka wa fasinja zuciya aikin jirgi ne na yau da kullum, illa dai ba a yi masa bayani ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da yake riƙe jirgi a sama iska ce. Malamanmu na kimiyya suna nan zaune, sun koya mana cewa iska tana da nauyi da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa miƙa tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya ji yadda iska take ɗaga shi. Haka fukafukan jirgi suke: inji yana tura jirgi gaba, fukafukai suna karkata iska ƙasa, iska tana ɗaga jirgi sama. In ka ga fiffike yana ɗan lanƙwasawa, haka aka ƙera shi, kamar reshen bishiya da yake rausaya don kada ya karye.

Bayan tashi za ka ji wani gurnani da bugu a ƙarƙashinka. Tayoyi ne ake naɗewa. Can kuma sai ka ji ƙarar inji ta ragu, ka ji kamar jirgin zai nutse. Matuƙi ne ya rage wuta, domin ƙarfin da ake bukata wajen tashi ya fi na hawa, kamar direban da ya sauya giya bayan ya hau kwalta.

Sai girgiza, wadda ita ce babbar abokiyar gabar matsoraci. Iskar sama ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Wani wuri tana hawa, wani wuri tana sauka, musamman da rana tsaka in ƙasa ta yi zafi, ko da damina kusa da hadari. Jirgi in ya ratsa ta sai ya yi tsalle-tsalle, daidai da motar da ta bar kwalta ta shiga gargada. Wanda yakan ji rauni a lokacin girgiza shi ne wanda bai ɗaura bel ba.

Wani zai ce, in inji ya mutu fa? Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ne yadda zai iya ci gaba da tafiya ya sauka da inji ɗaya. Ko duka biyun suka tsaya, ba faɗowa yake yi kamar dutse ba. Daga nisan kilomita 10 a sama yana iya shawagi kamar shirwa fiye da kilomita 100. Ranar 15 ga Janairu 2009 tsuntsaye sun kashe injuna biyu na wani jirgi a birnin New York na Amurka, matuƙin ya saukar da shi a kan kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duk suka tsira. Matuƙa biyu ne a gaban kowane babban jirgi, kuma a kai a kai ake jarraba su a na'urar kwaikwayon tuƙi, a kashe musu inji a ga yadda za su yi. A nan Zariya ma muna da kwalejin horar da matuƙa tun 1964.

Haka kuma in aka ce an ɗage tashi saboda hazo a lokacin hunturu, ko matuƙi ya zo sauka sai ya sake tashi ya kewayo, kada ranka ya ɓaci. Wannan alama ce ta cewa ana bin doka.

Yanzu ga shawarwari ga mai shirin tafiya. Ka yi barci sosai a daren tafiya, ka ci abinci marar nauyi, ka rage goro da shayi mai ƙarfi domin suna ƙara bugun zuciya. Ka nemi kujerar da take daidai fiffike, nan girgiza ta fi sauƙi. Ka bar bel a ɗaure muddin kana zaune. In kunnenka ya toshe, ka haɗiyi yawu ko ka yi hamma ko ka tauna cingam. In gabanka ya fara faɗuwa, ka shaƙi iska a hankali ta hanci, ka fitar da ita a hankali fiye da yadda ka shaƙa, ka maimaita. Faɗuwar gaba tana hawa ne ta sauka da kanta. Ka gaya wa ma'aikatan jirgi cewa wannan ne hawanka na farko, sun saba da irinka. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ga likita tun kafin tafiya, ya riƙe maganinsa a jakar hannu. Kada a sa risho ko kalanzir ko tukunyar gas cikin kaya. Wanda tsoronsa ya kai ga hana shi tafiya sam, akwai likitocin halayyar ɗan'adam da suke warkar da wannan ta hanyar saba wa mutum da abin sannu a hankali, kuma zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne. Sannan ka yi addu'ar hawa abin hawa, ka riƙe carbinka, ka bar wa Allah sauran, domin ajali ba ya jiran sai an hau jirgi.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga wannan ƙungiya. A kowace shekara ana yi wa maniyyata bita a ƙananan hukumominmu huɗu, ana koya musu ihrami da ɗawafi da jifa. Ina ba da shawara mu nemi izinin jami'an alhazai, waɗanda suka saba hawa jirgi a cikinmu su je su zauna da iyayenmu ko da na awa ɗaya ne, su nuna musu yadda ake ɗaura bel, da yadda makewayin jirgi yake, da ma'anar ƙararrakin da za su ji. Tsohuwar da aka gaya wa tun a Ɗanzomo cewa jirgi zai yi girgiza, in ya yi sai ta ce dama an faɗa. Ilimin da waɗannan malamai suka ba mu, wannan yana daga cikin hanyoyin da za mu mayar da shi gida.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba wanda bai je Makka ba ikon zuwa, ya kai kowa gidansa lafiya.