Jawabi Kan Neman Direban Kwamfuta Daga Inda Ya Dace



Aikin malamin firamare a yau ya wuce allo da alli. Tambayoyin jarrabawa, sakamakon ƙarshen zango da rajistar ɗalibai duk suna komawa cikin kwamfuta, har jarrabawar cancanta ta hukumar TRCN a kanta ake rubutawa. Yawancinmu a Zabi da Samaru kwamfutar hannu ta gwanjo muke saya a shagunan Sabon Gari. Da zarar an sake ɗora mata Windows, sai firinta ta ƙi bugawa, ko murya ta ɗauke, ko intanet ya ƙi kamawa. Galibi ba lalacewa ta yi ba, direba ne babu.

Direba wata ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da kowane sashe na na'ura: firinta, lasifika, kyamara da sauransu. Da yawa daga cikin direbobi a can cikin zuciyar tsarin suke aiki, da ikon da manhajojin yau da kullum ba su da shi. Ranar 19 ga Yuli 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura sabuntawa mai kuskure ga manhajarsa da ke aiki a wannan matakin. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne suka tsaya. Jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna. Idan kuskure kawai ya haddasa haka, ina ga direban jabu da ɓarawo ya shirya da gangan domin kwashe lambobin sirri da bayanan banki?

Saboda haka muna ba da shawara biyar.

Ta farko, mu fara da Windows Update, domin yakan kawo yawancin direbobi da kansa, kuma an tantance su.

Ta biyu, idan bai kawo ba, mu juya kwamfutar mu karanta samfurinta da lambarta, mu shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne ko Dell ko Lenovo. Haka ma firinta, Canon ce ko Epson. Mu rubuta adireshin da hannunmu, mu zaɓi direban da ya dace da irin Windows ɗinmu, mai 32 ne ko mai 64.

Ta uku, idan ba mu san sashen da ya rasa direba ba, mu buɗe Device Manager. Alamar ruwan ɗorawa za ta nuna shi, kuma a cikin bayanansa akwai lambar shaida da ke fayyace kamfani da samfuri.

Ta huɗu, mu guji tallan da ke cewa zai gyara duk direbobi a dannawa ɗaya. Duk manhajar da ta ce a kashe rigakafin kwamfuta kafin a ɗora ta, to a bar ta. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu kuwa, a bincike shi kafin a buɗe.

Ta biyar, kafin mu ɗora komai, mu kwafe sakamakon yara zuwa wani wuri daban, mu tabbatar baturi ya cika, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya ɓata tsarin.

Akwai kuma abin lura. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, kuma wa'adin Windows 10 ya cika a Oktoban 2025. Mai tsohuwar na'ura shi ya fi fuskantar jarabar neman direba a kowane lungu, don haka shi ya fi buƙatar hattara, musamman idan yana shiga asusun albashinsa da ita.

'Yan uwa, sunayen yara da makinsu amana ce da iyaye suka damƙa mana. Muna roƙon reshe ya zaɓi malamai biyu ko uku masu sanin wannan fanni, su tanadi filashi guda mai tsabta ɗauke da direbobin da aka sauke daga kamfanoni, domin duk wanda kwamfutarsa ta cije ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.