Bayan Ɗinki, Wa Zai Koya wa Tsoka Aikinta?



A nan Bwari hukumar JAMB take da hedkwata, a nan kuma babbar Makarantar Horar da Lauyoyi take. Saboda haka yaran garin nan sun tashi da jin zancen zaɓen kwas, kuma yawanci zancen bai wuce likita ko lauya. Yau ina so in tallata muku wata sana'a da ba a cika ambata ba: aikin likitan fisiyo, wanda mutanenmu ke kira mai gashin ƙashi, musamman wanda ya ƙware a kan tsokokin ƙasan ƙugu.

Waɗannan tsokoki suna riƙe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, kamar yadda ragaya ke riƙe ƙwarya. Ciki da haihuwa suna sassauta su. Idan sun saki, mace ta yi tari ko atishawa sai fitsari ya zubo, ko mahaifa ta zazzago. Wata kuma tsokar ɗaurewa take yi, zaman aure ya koma mata azaba. Dattawan da aka yi wa tiyatar furostet su ma suna fama da ɗigar fitsari. Tun 1948 Arnold Kegel, wani likitan mata a Amurka, ya nuna cewa matse tsokar da sakinta bisa ƙa'ida na dawo mata da ƙarfi.

A Arewa larurar ta fi tsanani. Idan naƙuda ta yi kwanaki, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, ya ɓule. Yoyon fitsari ke nan. Dannewar kan taɓa jijiyar ƙafa, mace ta tashi tana jan ƙafa. Tun shekarun 1980 Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya duƙufa ga yi wa irin waɗannan mata ɗinki a Babbar Ruga ta Katsina, wadda yau cibiya ce ta ƙasa, kamar na Ningi da Abakaliki. A Kano ma akwai cibiyar Laure a Asibitin Murtala. Amma ku riƙe wannan: ɗinki yana rufe kafa, ba ya dawo wa tsoka da ƙarfinta. Akwai matan da aikin da aka yi musu ya yi kyau, amma fitsari bai daina zubo musu ba. A nan ake neman mai gashi. Shi zai horar da tsokar, ya saba wa mafitsara riƙe fitsari zuwa lokaci, ya tada ƙafar da ta shanye, har baiwar Allah ta koma sallarta da kasuwarta ba fargaba.

To, ina hanyar? A JAMB za ku rubuta Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fizik. Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da wannan digiri a 1966, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana bayarwa. Karatun ba ya gaza shekara 5, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da rajista a hukumar da ke kula da wannan sana'a, MRTB, da aka kafa a 1988, sannan bautar ƙasa. Daga nan ku nemi zama a sashen mata da haihuwa, ku bi kwasa-kwasan ƙwarewa, ku lazimci wanda ya riga ku.

Sai dai takarda kaɗai ba ta isa. Ciwo ne da kunya ke rufewa. Macen da ta ɓoye wa mijinta da uwarta ba za ta buɗe baki ba sai ga wadda ta iya yarenta, Hausa ko Gbagyi ko Fulatanci, mai neman izini kafin ta taɓa, mai riƙe sirri. Shi ya sa nake fuskantar 'yan matanmu kai tsaye: ƙannena, wannan fage ku yake jira.

Iyaye, roƙona biyu ne. Ku tura masu ciki awo, su haihu a asibiti, don kafar ma kada ta samu. Sannan idan 'yarku ta ce wannan karatu take so, ku sa mata albarka, ku biya mata.