Dokar Muhalli Ta Shafe Mu, Mu Ma Mu Samar da Malamanta

(Jawabin kwamitin ilimi a taron iyaye)

 

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai yau shi ne wani fanni na karatun lauya da ake kira dokar muhalli, wato dokokin da ke kare ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka, da kuma hanyar da 'ya'yanmu za su bi har su zama malaman jami'a a wannan fanni.

Wani zai ce, ina ruwan mahauci ko mai sayar da albasa da wannan? To, duk ranar da aka ce za a tayar da mayanka ko kara, ko a rufe kasuwa saboda shara, ko a hana 'yan jari-bola aiki, ko a rushe rumfuna don suna kan magudanar ruwa, da sunan wannan doka ake zuwa. Wani lokaci hukuma ce ke da gaskiya, mu ne ya kamata mu gyara. Wani lokaci kuma an tsallake ƙa'ida ne, babu sanarwa, babu wa'adi. Da yake ba mu da wanda zai bambance mana, sai mu tafi ofis da roƙo a inda ya kamata mu je da hujja.

Wannan fanni bai daɗe ba a Nijeriya. A 1988 ne aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. A shekarar gwamnati ta yi dokar hana shigo da shara mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta a binciki illar manyan ayyuka kafin a fara su, sannan a 2007 aka kafa hukumar NESREA.

Ga inda haƙƙinmu ya shigo. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, amma yana cikin babin da ba a kai ƙara kai tsaye a kansa. Sai masana suka haɗa shi da haƙƙin rayuwa, da kuma sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Nijeriya ta mayar dokarta. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke cewa ƙona iskar gas a garin Iwherekan ya keta haƙƙin rayuwa da mutuncin mutanen wurin. A 2018 kuma Kotun Ƙoli ta amince ƙungiya mai zaman kanta na iya kai ƙara kan malalar mai a madadin jama'a. Haƙƙin rayuwa na kowa ne, ba a tambayar takardar shaidar ɗan asalin jiha, kuma sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Baƙin hayaƙin da ya lulluɓe Fatakwal daga 2016 bai ware gidan kowa ba.

Irin waɗannan hujjoji daga ajin jami'a suke fitowa. Malami ne ke rubuta littafin da lauya ke dogara da shi, shi ne ke horar da alƙalan gobe, shi ake kira idan majalisa za ta tsara doka. Farfesa Margaret Okorodudu-Fubara ta jami'ar Ile-Ife tana cikin waɗanda suka share wannan hanya. Haka Farfesa Muhammad Tawfiq Ladan na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda aka naɗa shugaban cibiyar zurfafa nazarin shari'a ta ƙasa a 2019.

Hanyar kuwa ga ta. Yaro ya ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako a sakandare, har da Turanci da adabin Turanci, ya ci JAMB. Sai shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Daga nan ya yi digiri na biyu a dokar muhalli, sannan na uku. Yakan fara a ƙaramin malami, yana koyarwa yana bincike yana wallafawa, har ya kai babban malami, ya kai farfesa. Wanda jami'ar gwamnati ta ɗauka aiki yana iya neman tallafin asusun TETFund don ƙaro karatu.

Tafiyar tana da nisa, albashin farko kuma ba ya kai ribar mai babban shago. Bugu da ƙari, yaron da aka haifa a nan yakan sha wuyar samun tallafin karatu na jiha, domin nan a ce masa baƙo, can gida a ce ba a san shi ba. Don haka nauyin yana kanmu, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Muna roƙon abu uku. Na farko, iyaye su nemi takardun haihuwa da na asalin 'ya'yansu tun suna firamare. Na biyu, kada a cire yaro mai ƙoƙari daga makaranta don tsaron shago, haka kada a katse wa 'ya mace karatu. Na uku, kowace kasuwa ta ware wani abu cikin kuɗin ƙungiya don ɗaukar nauyin ɗalibi ko da ɗaya ne. Kafin su kammala kuma, mu share magudanan unguwarmu, mu riƙa adana duk takardar da hukuma ta kawo mana, kada mu sa hannu a kan abin da ba a karanta mana ba.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.