Jawabi Ga Iyaye: Daga Gida Ake Farawa

Iyaye da 'yan'uwa mazauna Tumfure.

Yaranmu masu buga ƙwallo duk burinsu Turai. To, mu dubi Ahmed Musa. Sai da ya ci wa Kano Pillars ƙwallaye 18 a kakar 2010 kafin a saye shi zuwa Holan, sannan Rasha, sai Leicester ta Ingila a 2016. A gasar Kofin Duniya kuwa, biyu ya zura wa Ajantina a 2014, biyu kuma Aislan a 2018.

Don Allah kada mu sayar da fili mu danƙa wa dillali mai alkawarin biza. Ga Gombe United nan a Pantami. Yaro ya fara gwada ƙafarsa can, ba tare da barin makaranta ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.