Amsar Wasiƙunku: Na Zare Makulli Amma Fitila Tana Ci



Wasiƙar yau ta fito ne daga wani bawan Allah mai fataucin hatsi a Gwaram. Ya ce ya sayi Golf 'yar Kwatano, ya ba ɗan ƙanensa yana ja masa. Ran nan suka dawo daga kasuwar Sara da almuru, yaro ya kashe mota, ya zare makulli ya miƙa masa. Da asuba zai tafi masallaci sai ya ga ƙananan fitilu biyu na hannun hagu, gaba da baya, suna ci. Aka yi aka yi mota ta ƙi tashi, cinikin ranar ya wuce shi. Yanzu ya ƙwace makulli, yana zargin yaron da satar fita da dare, har magana ta kai gaban iyaye.

To Alhaji, don Allah ka huce. Motocin Jamus irin su Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, haka aka yi su. In aka kashe mota aka bar sandar sigina a danne ta ɓangaren hagu, ƙananan fitilun hagu za su kama, su kwana suna ci. In dama ce, na dama. An yi haka ne domin wanda ya ajiye mota a bakin titi da dare, kada wani ya zo ya afka mata. Ina kyautata zaton yaronka ya ba da sigina zai shiga ƙofar gida, ya kashe mota bai mayar da sandar tsakiya ba. Ka gwada da kanka yau da magariba, za ka gani da idonka.

Amma akwai inda nake so ka duba. Waɗannan ƙananan ƙwayaye, kowanne wat 5 ne. Biyunsu ba su kai amfiya ɗaya ba, batirin irin wannan mota kuwa yakan ɗauki wajen amfiya 60 na awa. Ke nan lafiyayyen batir ba zai mutu a dare ɗaya saboda su ba. Naka ya riga ya gaji, ko kuma cajar motar ba ta cika shi. A kai wa mai gyaran wutar mota ya auna. Da manyan fitilun gaba ne aka bari, to wannan wata magana ce: kowacce wat 55, in aka haɗa da na baya, awa uku zuwa huɗu sun isa su sa ka nemi masu turi. Tsofaffin motoci da yawa ba ruwan fitilarsu da makulli, sai ka kashe ta da hannunka. Ni kaina na taɓa yi a wajen ɗaurin aure, sai da almajirai suka tura ni, ina fama da babbar riga.

Akwai kuma wani mai shago a Birnin Kudu da ya rubuto cewa sabuwar motarsa in ya kulle ta fitilu sai su yi ta ci, can kuma su mutu da kansu, har maigadi ya ce masa a nemi addu'a. Malam, addu'a ba ta ɓaci, amma wannan aikin masu ƙira ne. Sun sa mata ta haska maka hanya har ka shiga gida, galibi daƙiƙa 30 zuwa minti biyu. Ka tsaya ka duba agogo. In ta mutu a cikin wannan lokaci, lafiya lau.

In kuwa an yi minti biyar, maɓallin fitila yana kashe, sigina tana tsakiya, amma manyan fitilu suna nan suna ci, to wani ɗan akwati da makanikai ke kira rile ne ya maƙale, ko wata waya ta haɗu. Kada ka kwanta ka bar ta haka. Ka sa sifana ka cire kan batir mai alamar ragi, wato baƙar waya, kada ka fara da ja. Da safe a kira mai gyara. Masu mota otomatik ku fi kowa kiyayewa, don ita ba ta tashi da turi.

Alhaji na Gwaram, in ka gwada ka ga haka ne, ka rubuto mana, ka kuma kira yaron nan ka mayar masa da makullinsa a gaban iyayen da aka kai wa ƙara.