Kaye a Bainar Jama'a: Abin da Filin Kokowa Ya Riƙe, Fagen Siyasa Ya Saki

(Jawabin da aka gabatar a wani zaman mahawara na ƴan kasuwa da ma'aikata a birnin Maraɗi. Mun kawo muku shi kamar yadda aka faɗe shi.)

 

An ce in faɗi ra'ayina a kan al'amuran yau da gobe na ƙasarmu. Zan yi, amma ta ƙofar kokowa zan shiga. Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa, ana maganar tsadar hatsi da makomar ƙasa, shi kuma ya kawo mana wasa. Ku yi mini haƙuri kaɗan. Abin da nake so in nuna shi ne, akwai wata tarbiyya da ƴan Nijar suka iya sarai a filin kokowa, suka kuma kasa kai ta fagen mulki, kuma rashin kai ta ɗin ya fi kowane fari yi mana ɓarna.

Mu fara da lissafi. Kokowa daɗaɗɗiyar al'ada ce ta bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, samarin wannan gari su tafi su gwada ƙarfi da na wancan gari a dandali. A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka mayar da ita gasar ƙasa baki ɗaya. An yi ta farko a Tawa, kuma ɗan wannan jaha tamu, Yakuba Ango Kantu, shi ya fara ɗaukar takobi. Shi ya sa filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, kamar yadda na Damagaram ke ɗauke da sunan Langa-Langa, na Doso kuma na Salma Ɗan Rani. Daga 1975 zuwa yau, in ban da ƴan shekarun da aka tsallake, ana ta yin wannan gasa, tana zagaya jahohi bi da bi.

To, a cikin waɗannan shekaru me ya faru a fagen mulki? An yi juyin mulki a 1996, da 1999, da 2010, da 2023, ban da na 1974 da ya riga gasar. An rubuta kundin tsarin mulki a 1989, aka sake wani a 1992, wani a 1996, wani a 1999, wani a 2009, wani a 2010. Kundi shida ke nan, kowane an kira mu mun jefa masa ƙuri'a, an ce mana shi ne na ƙarshe. Takobi kuwa yana nan, yana fita daga hannu yana shiga hannu, ba a taɓa ƙwatarsa da bindiga ba. Mutanen nan dai su ne. Wanda ya cika filin kokowa shi ne ke layi ranar zaɓe. Don me abu ɗaya ya ɗore, ɗayan yake ta rushewa?

Amsa ta farko, a ganina, ita ce kaye a fili ake yin sa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutum biyu a tsakiyar rairayi, dubban idanu a kansu, Tele Sahel na nunawa, Muryar Sahel na faɗa wa na ƙauye. Idan gwarzo ya taɓa ƙasa, yaro ɗan shekara bakwai ma ya gani. Ba a cewa a dakata sai an kai sakamako Yamai an tattara. Wanda aka kayar yana iya yin kuka, kuma mun ga manyan ƙarti suna yi, amma ba ya iya cewa bai faɗi ba. Ku gwada wannan da abin da ya faru a watan Yuli na 1996. An yi zaɓen shugaban ƙasa, ana cikin ƙidayar ƙuri'u aka rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta, aka kafa wata, ita ce ta ce Ibrahim Ba'are Mainasara ya ci tun zagayen farko. Nasarar da aka samu a ɗaki, bayan an kori masu gani, ba ta zama a zukata ba. Ƙasa ta shiga shekara uku na zaman doya da manja, albashi na taruwa ba a biya, yajin aiki na bin yajin aiki, har abin ya ƙare da jini a filin jirgin sama ranar 9 ga Afrilu 1999. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma darasin a bayyane yake.

Amsa ta biyu ta shafi alƙali. A kokowa ana zagin alƙali, ana yi masa ihu, wani lokaci ma yana kuskure. Sai dai ba mu taɓa ganin ɗan kokowar da ya ga za a ba abokinsa nasara, ya juya ya kori alƙalin ya naɗa ƙanensa ba. Da wani ya yi haka, ko mutanen jaharsa ba za su raka shi gida ba. A 2009 kuwa, da kotun tsarin mulki ta ce zaɓen raba gardama na tazarce ya saɓa wa doka, sai aka rusa kotun, bayan an riga an rusa majalisar dokoki. Aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta. Wata shida da ƴan kwanaki bayan haka, ranar 18 ga Fabrairu 2010, sojoji suka shiga fada. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Duk wanda ya kori alƙali don ya tsira daga hukunci, ya kori wanda zai kare shi ne ranar da wani mai ƙarfi ya fi shi zai zo.

Amsa ta uku ita ce wadda nake so mu daɗe a kanta, domin ba kowa ya lura da ita ba. Ku dubi yadda aka tsara gasar. Jahohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, tamanin ke nan. Kullum jaha na karawa da jaha. Wanda aka kayar sau ɗaya ya rasa takobin wannan shekara, amma ba a sallamarsa. Gobe zai sake ɗaura walki ya shiga, yana neman wa jaharsa nasara. Sau da yawa ma shi ne ke kayar da wanda ake ganin ba mai iya taɓa shi. Wato wanda ya faɗi yana da sauran aiki a fili, kuma aikinsa shi ne ya gwada ƙarfin wanda ke tsaye. Sarkin da ya ɗauki takobi bayan ya ratsa irin waɗannan, kowa ya san da guminsa ya ɗauka. Wannan ita ce adawa, in muna son ma'anarta ta gaskiya. Mai mulki yana bukatar wanda zai riƙa girgiza shi, wanda ya sha kaye kuma yana bukatar tabbacin cewa baɗi akwai wani fili.

Kuma kada a ce ƴan siyasarmu ba su taɓa yin haka ba. Tanja Mamadu shi ya zo na ɗaya a zagayen farko na zaɓen 1993, amma a zagaye na biyu ƙawancen AFC ya haɗu a bayan Mahaman Usman, aka kayar da shi. Ya zauna cikin adawa, a 1999 ya ci, a 2004 ya sake ci. Mahamadu Isufu ya nemi kujerar a 1993, da 1996, da 1999, da 2004, bai samu ba sai a 2011. A wannan shekara ta 2011 Seini Umaru ya fito ya amince da kayen da ya sha, bai kai ƙara ba. Duk lokacin da aka yi irin wannan, ƙasa ta numfasa, kasuwa ta ci, ma'aikaci ya san ranar albashinsa. Inda muka kasa kuwa, ku tuna 1995. Jama'a ta ba shugaban ƙasa Mahaman Usman kujerarsa, ta ba ɓangaren Hama Amadu rinjaye a majalisa, ya zama faraminista. Doka ta ce su zauna tare. Sai kowane ya ɗauka filin nasa ne shi kaɗai, har taron ministoci ya gagara zama. Ranar 27 ga Janairu 1996 wani na uku ya shigo ya kore su duka biyun. Wannan ya faru shekara huɗu da ƴan watanni kacal bayan babban taron ƙasa na 1991, wanda ɗalibai suka biya kuɗin hanyarsa da rayukansu a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Za su ce, Malam, ita ma kokowar ba ta da tsarki haka. Ai kowa na jin raɗe-raɗin ana sayar da kaye, ana tara wa yaro kuɗi da dare a ce gobe ya kwanta wa wane. Ana jin labarin ɗan kokowar da ya bar jaharsa ya koma wata don an fi ba shi a can. Ana ganin tsofaffin gwaraza da suka cika fili da kirari a zamaninsu, yau suna fama da ciwon gwiwa ba mai leƙa su. Duk wannan ana faɗinsa a kowace fada ta masu shan shayi. Amma ku lura da abu guda. Ranar da ƴan kallo suka zargi cewa an sayar da kaye, fili ne ke ɗaukar ihu, kuma wanda ake zargi yana daɗewa bai wanke sunansa ba. Har ƴan cali-cali, masu ba da dariya tsakanin karo da karo, sai sun kwaikwayi faɗuwar don a yi masa dariya. Jama'a ba ta yafe wa mai sayar da kaye. Ita wannan jama'a kuwa, ranar zaɓe, za ta karɓi jikka biyu da turmin atamfa da sabulu, ta koma gida ba ta ji kunyar komai ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Nan maganar ta iso kanmu. Alhazai, ku gafarce ni, zan faɗa a gabanku. Ku ne ke ba ƴan kokowa kari, kuma madalla da wannan, domin da yawansu da karinku suke ciyar da iyali. Amma hannun da ke ba da kari a fili don yabon bajinta, bai kamata ya zama shi ne ke ba da kuɗi a ɓoye don a saya wa jaha takobi ko a saya wa ɗan takara kujera ba. Ɗan kasuwar da ya saya wa wani kujera yana jiran a biya shi da kwangila ko da sassaucin duwan, kuma ranar da kujerar ta kife, shi ma da ita zai kife. Kun fi kowa sanin abin da rikici ke yi wa ciniki. Kun ga yadda kaya suka tsaya bayan rufe iyakoki a 2023, kun ga yadda farashin shinkafa da magani ya tashi a hannun talaka. Zaman lafiyar da doka ta tsare ya fi muku riba bisa alfarmar mutum ɗaya.

Ku kuma ƴan'uwana ma'aikata, ku ne alƙalan filin yau da kullum. Malamin da ke gyaran takardun jarrabawa, ma'aikacin da ke riƙe da jerin masu neman aiki, wanda ke awon kaya a bakin iyaka, wanda ke buɗe takardun masu neman kwangila, kowanenku akwai ranar da zai ce wane ya ci, wane ya faɗi. Idan yaron da ya yi karatu ya ga sunan wanda bai yi ba a samansa, to an koya masa tun yana ƙarami cewa kaye a ɗaki ake shirya shi. Ranar da ya girma ya riƙe hukuma, abin da aka koya masa zai yi.

A ƙarshen watan Disamba na 2023, a Agadas, Kadiri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida, abin da ba wanda ya yi kafinsa. Ba mu ji wani ya kira wannan tazarce ba, domin kowane takobi sai da ya sake shiga rairayi, ya ba kowa damar ya kayar da shi, a gaban kowa. Akwai kuma shekarun da aka kayar da shi ya koma gida hannu wofi, ya jira baɗi. Daɗewa a sama ba laifi ba ne idan ta wannan hanya aka bi.

A watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa a ƙasarmu. Ko ba daɗe ko ba jima za a sake buɗe fage, domin sarki goma zamani goma. Abin da nake roƙo shi ne, kafin ranar ta zo, mu masu kallo mu shirya abin da za mu nema. Mu nemi a ƙirga ƙuri'a a inda aka jefa ta, a gaban wakilan kowa, a liƙa sakamakon a bango. Mu nemi kada mai mulki ya taɓa alƙali ana tsakiyar wasa. Mu nemi kada a ɗaure ko a kori wanda ya sha kaye don kawai ya sha kaye. Mu kuma, ranar da aka zo mana da jikka biyu da sabulu, mu yi wa mai kawowa irin ihun da muke yi wa mai sayar da kokowa.

 Wanda bai yarda da ni ba, ga fili nan, ya taso mu kara. Allah ya zaunar da Nijar lafiya.